Daga Kotunan Turai Zuwa Kasuwar Shuwarin: Tarihin Wayar Hannu da Haƙƙin Ƙirƙira

A ranar 27 ga Agusta, 1991, Janar Ibrahim Badamasi Babangida ya yanko Jihar Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano, ya ce Dutse ce hedikwata. Ma'aikatan da aka turo sun tarar da gari na sarauta da dabino da duwatsu, amma babu isassun ofisoshi balle gidajen kwana, har da yawa suka riƙa yin sammako daga Kano suna komawa da yamma. Wayar tarho kuwa sai a ofishin gwamnati da gidan wane da wane. Mako takwas kafin wannan rana, a ranar 1 ga Yuli, tsohon Firaministan Finland, Harri Holkeri, ya buga waya daga Helsinki zuwa Tampere, kiran da ake lissafawa a matsayin na farko a kan tsarin GSM. Jihar da wayar sa'annin juna ne ke nan, sai dai an shafe shekara goma kafin wayar ta taka ƙasar Najeriya.

Yau wanda ya shiga kasuwar Shuwarin ranar da take ci, ko ya zaga rumfunan masu waya a cikin Dutse, zai ga Tecno da itel da Infinix ne suka cika tebura. Samsung da Redmi na biye, iPhone kuwa yawanci ta hannu ce. A Jamus ko Amurka da ƙyar za ka sami wanda ya taɓa jin sunan itel. Akan ce talauci ne ya raba kasuwannin haka, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma da wani dalilin da ba a cika kawowa ba, wato takardar haƙƙin ƙirƙira. Ita ce takardar da gwamnati ke bai wa wanda ya ƙirƙiro wata dabara, ta hana kowa ƙera ta, sayar da ita ko shigo da ita ba da yardarsa ba, har tsawon shekara 20. Shi kuma zai bayyana dabarar dalla-dalla, don idan wa'adin ya cika ta zama ta kowa. Babban sharaɗinta shi ne ƙarfinta yana tsayawa a iyakar ƙasar da ta bayar da ita. Kamar takardar fili ce: wadda aka sa wa hannu a Dutse ba za ta hana kowa gini a Damagaram ba. Duk wanda yake son kariya a ƙasa hamsin, galibi sai ya nema a ƙasa hamsin, ya biya kuɗi a kowacce, ya kuma shirya zuwa kotun kowacce.

Tun daga tushe aka gina GSM a kan waɗannan takardu. Ƙasashen Turai sun kafa hukumar ETSI a Faransa a 1988 don ta tsara ƙa'idar bai-ɗaya, yadda wayar da aka ƙera a wata ƙasa za ta kama sabis a wata. Matsalar ita ce dabarun da aka zuba a cikin ƙa'idar suna da masu su, kuma ba yadda za a yi a ƙera wayar GSM ba a taɓa su ba. Motorola ta Amurka ce ta fi kowa riƙe irin waɗannan takardu a farkon lamarin, ta kuma ƙi sakin su kyauta. Sai aka yi musaya: Motorola da Nokia da Ericsson da Siemens da Alcatel suka buɗe wa juna dabarunsu, wanda yake waje kuma ya biya kowannensu. A 1994 ETSI ta kafa sharaɗin cewa duk mai takardar da ta shiga ƙa'ida dole ya ba kowa lasisi a kan farashi na adalci ba tare da nuna bambanci ba. Ba ta faɗi nawa ne adalcin ba, kuma rabin shari'un da suka biyo baya a kan wannan giɓin aka yi su.

Saboda haka lokacin da hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, a ƙarƙashin Ernest Ndukwe ta yi gwanjon lasisin GSM a Janairun 2001, kowanne a kan dala miliyan 285, Econet da MTN kuma suka fara aiki a watan Agusta, wayoyin da suka fara shigowa galibi na waɗancan kamfanoni ne da 'yan tsirarun da suka iya biyan su. Layukan NITEL a duk ƙasar ba su kai rabin miliyan ba a lokacin. Layi ɗaya na GSM yakan kai naira 20,000, kira kuma naira 50 a minti, har sai da Glo ta zo a 2003 da lissafin daƙiƙa. A Jigawa, gwamnatin Ibrahim Saminu Turaki ta zuba kuɗi a kan fasahar sadarwa tun wasu jihohin ba su farga ba: ta buɗe makarantar Informatics a Kazaure da haɗin gwiwar wani kamfanin Singafo, ta kafa Galaxy a Dutse don samar da intanet. An yi ta muhawara a kan ko jihar da ke fama da ƙarancin wuta da ruwa da makarantun firamare ta fara daga inda ya dace. Ko ma mene ne, wayar da ta shiga ƙauyuka a shekarun nan ba ta da alaƙa da intanet. Nokia 1100 ce, mai tocila, wadda ta fito a 2003 aka sayar da fiye da miliyan 200 a duniya.

A nan ya kamata a tsaya a dubi dokarmu, domin ita ce mabuɗin abin da ya biyo baya. Turawan mulkin mallaka sun kawo dokar haƙƙin ƙirƙira Legas a 1900, suka shimfiɗa irinta a Arewa a 1902, kafin ma su ci Kano da Sakkwato. A 1925 suka sauya tsari: duk mai son kariya a Najeriya sai ya fara samun takarda a Ingila, sannan ya zo ya yi mata rajista a nan. Wato maƙerin Haɗeja ko majemin Kano da ya ƙirƙiro wani abu, sai ya bi ta Landan kafin ƙasarsa ta san da shi. Haka aka zauna har shekara goma bayan samun 'yanci. A 1970 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta yi dokar da ake aiki da ita har yau. Dokar ta ce sai dabara ta kasance sabuwa kafin ta cancanci takarda, amma ba ta ɗora wa magatakarda nauyin bincika hakan ba. Aikinsa ya duba ko an cike fom daidai, an biya kuɗi. Idan an yi, sai ya bayar, kuma dokar da kanta ta ce ana bayarwa ne ba tare da gwamnati ta tsaya wa ingancin takardar ba. Wanda yake ganin an ba da ita bisa kuskure, ya tafi Babbar Kotun Tarayya.

Najeriya ta shiga yarjejeniyar Paris a 1963, ta shiga tsarin neman takarda na ƙasa da ƙasa a 2005, amma ba ta cikin ko ɗaya daga ƙungiyoyin Afirka biyu masu ba da takarda ta haɗin gwiwa. Maƙwabciyarmu Nijar tana cikin OAPI mai hedikwata a Yawunde, inda takarda ɗaya ke aiki a ƙasashe 17. Ma'ana, wayar da ɗan kasuwa ya saya a Maigatari ya tsallaka da ita Nijar ta fita daga wata doka ta shiga wata, ko da yake daga shi har jami'in kwastan ba wanda abin ya taɓa damu.

Sau ɗaya dokar ta 1970 ta nuna haƙoranta a kan na'ura har duniya ta ji, kuma maganar ta shafi haruffanmu. Wani kamfanin 'yan Najeriya mai suna Lancor ya ƙera kibod da ya kira Konyin, mai ƙarin maɓallai don rubuta haruffan harsunan ƙasar nan, har da masu ƙugiya irin su ɓ da ɗ da ƙ, ya kuma yi wa zanensa rajista. A ƙarshen 2007 ya kai shirin One Laptop per Child ƙara a Babbar Kotun Tarayya da ke Legas, yana zargin an kwaikwayi aikinsa a ƙaramar kwamfutar da aka gwada a makarantar firamare ta Galadima kusa da Abuja, ya nemi diyyar dala miliyan 20. Kotun ta ba da umarnin dakatar da rarraba kwamfutar a Najeriya. Mutane sun rabu biyu a kan wanda yake da gaskiya, amma an gane cewa takardar Najeriya tana iya tare na'urar da ta fito daga Amurka. Manyan kamfanonin waya dai ba su ɗauki darasin da muhimmanci ba. A lissafinsu, kasuwar da ake sayen waya ta dala talatin ba ta kai a ɗauki lauya a kanta ba.

Wannan raini shi ne ya buɗe ƙofa. Kamfanin MediaTek na Taiwan ya fara sayar da ƙwaƙwalwar waya haɗe da manhajarta, yadda ƙaramin shago a Shenzhen zai saya ya sa mata gida da gilashi da batir, waya ta fito. A Oktoban 2007 gwamnatin China ta soke lasisin da take buƙata kafin a ƙera waya. A daidai wannan lokaci kuma takardun GSM na farko, waɗanda aka nema a ƙarshen shekarun 1980, suka fara cika shekara 20 suna mutuwa. Waɗanda ba su mutu ba, ƙananan maƙera ba su damu da biya ba, muddin ba su kai kayansu inda za a kama su ba. Wanda ya kuskura ya kai ya ga abin da ya gani: a Maris na 2008 'yan sanda da kwastan na Jamus sun kai samame baje kolin CeBIT a Hanover, suka binciki rumfuna 51, kusan rabinsu na kamfanonin China, suka kwashe wayoyi da na'urorin sauraren kiɗa bisa zargin keta haƙƙin ƙirƙira. Irin waɗannan kaya ne suke sauka Legas, su hau mota zuwa Farm Centre da titin Beirut a Kano, daga nan 'yan sari su watsa su Dutse, Birnin Kudu, Jahun da Gujungu, ba mai tambayar takarda.

'Yar China ta farko ba ta da ƙarko, sau da yawa ma sunan wani take ɗauke da shi an canja harafi ɗaya. Amma ta zo da abin da manya suka ƙi kawowa. A Turai da Amurka kamfanonin layi ne ke sayar da yawancin wayoyi, kuma ba su son waya mai layi biyu, don kada abokin ciniki ya riƙe layin kishiya. A Jigawa kuwa sabis ɗin da ke kamawa a Dutse yana iya ɗaukewa kafin a kai Kiyawa, kira daga wani layi zuwa wani kuma a lokacin ya fi tsada. Mai layi biyu ta zama dole. Ga lasifika mai ƙara, ga rediyo, ga gurbin memori, wanda a kansa sana'ar masu tura waƙoƙi da finafinan Hausa ta tsaya da ƙafarta.

Wanda ya mayar da wannan hayaniya ta zama kamfani shi ne Zhu Zhaojiang. Ya kafa Transsion a 2006, ya buɗe ofis a Legas a 2008, ya tattara hankalinsa a kan Afirka. Tecno da itel nasa ne, Infinix ta biyo baya a 2013. Ya buɗe masana'antar harhaɗa waya a Habasha a 2011, ya kafa Carlcare don gyara, ya sa batir mai kwana biyu don garuruwan da ake kai waya shagon caji, ya sa Hausa da Amharik da Swahili a cikin wayoyinsa, ya gyara kyamara ta riƙa fito da fuskar baƙar fata sosai. Zuwa 2017 ya sha gaban Samsung a yawan wayoyin da ake sayarwa a Afirka. Abin lura shi ne inda bai je ba. Bai sayar a Amurka ba, bai kutsa yammacin Turai ba, ko a China ƙasarsa ba ya sayar da waya. Wuraren da ya kauce wa su ne kasuwannin da gasa ta fi zafi, kuma su ne inda takardun haƙƙin ƙirƙira suka fi yawa, kotuna suka fi saurin rufe wa mutum shago.

Can kuwa yaƙi ake yi. Tun a 2006 kamfanin da ke ƙera BlackBerry ya biya dala miliyan 612.5 a wata shari'ar haƙƙin ƙirƙira don kada a kashe masa sabis a Amurka. A 2011 Apple da Microsoft da abokansu suka sayi takardun kamfanin Nortel kimanin 6,000 a kan dala biliyan 4.5, Google kuma ta sayi Motorola Mobility a kan biliyan 12.5, galibi don takardunta 17,000. A watan Afrilu na shekarar Apple ta kai Samsung ƙara a Kalifoniya. Hukuncin Agustan 2012 ya ɗora wa Samsung fiye da dala biliyan ɗaya, aka yi ta ɗaukaka ƙara har Kotun Ƙoli, kuɗin ya sauko zuwa miliyan 539, suka sasanta a Yunin 2018. A tsakanin nan waya iri ɗaya ta riƙa bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A 2012 Apple ta kashe wa masu iPhone a Jamus tsarin da ke shigo da saƙon imel nan take, saboda Motorola ta yi nasara a kotun Mannheim, alhali a Faransa yana aiki. A shekarar ne kwastan na Amurka suka tsare sababbin wayoyin HTC har sai da aka tabbatar an sauya yadda suke buɗe lambar waya daga cikin saƙo. Wani canjin kuma ya iso har nan. Ɗan tsallen da shafi ke yi a iPhone idan an ja shi ya kai ƙarshe yana da takarda, shi ya sa Samsung ta cire nata, wayoyin Android kuma suka yi shekaru suna nuna wani ɗan haske a gefen gilashi a maimakonsa. Mai Tecno a Ringim ya ga wannan haske sau dubu, bai san sawun shari'a ba ne.

Sannu a hankali ramin da Transsion ta fake a ciki ya fara cikewa, kuma dalilai biyu ne suka jawo. Na farko, Ericsson ta bar ƙera waya a 2012, Nokia ta sayar wa Microsoft nata sashen a 2014, amma dukansu suka riƙe takardunsu. Wanda ba ya ƙera waya ba ya buƙatar musaya da kowa, kuɗi yake so, kuma zai bi su duk inda ake sayar da waya da yawa. Indiya aka fara bi. Ericsson ta kai Micromax ƙara a 2013, ta sa kotun Delhi ta dakatar da Xiaomi na ɗan lokaci a Disambar 2014. Na biyu, kotuna sun fara tsallake iyaka. A Agustan 2020 Kotun Ƙolin Birtaniya, a shari'ar Unwired Planet da Huawei, ta ce alƙalin Ingila yana iya yanke kuɗin lasisi na duniya baki ɗaya, wanda ya ƙi kuma a hana shi kasuwar Birtaniya. Kotunan China ma suka ce suna da wannan hurumi. A 2022 Nokia ta yi nasara a kan Oppo a Jamus, Oppo da OnePlus suka janye wayoyinsu daga ƙasar har sai da aka sasanta a Janairun 2024. Tun da lasisin duniya ake yankewa, wayar da aka sayar a Shuwarin tana iya shiga lissafin da aka yi a Landan ko Munich.

Transsion ta yi girman da ba za ta ɓuya ba. Ta shiga kasuwar hannayen jari ta Shanghai a Satumbar 2019. A 2023 ta fitar da manyan wayoyi kusan miliyan 95, ta zama ta biyar a duniya, tana riƙe da kusan rabin kasuwar Afirka, ta kuma bazu a Indiya da Pakistan da Latin Amurka. A 2024 Philips da Qualcomm suka kai ta ƙara a Indiya. A farkon 2025 Nokia ta sanar da cewa sun ƙulla yarjejeniyar lasisi. Huawei ta shigar da tata ƙarar a sabuwar kotun haɗin gwiwa ta Turai. Sai a Nuwambar 2025 Ericsson ta shigar da ƙararraki a Turai da Indiya da Barazil, ta haɗa da Najeriya, tana cewa ta yi shekaru tana neman a daidaita abin ya faskara. Kasuwar da aka ce ba ta kai a ɗauki lauya a kanta ba, ga ta an kawo mata lauyoyi har gida.

Nawa ne abin zai ci wa mai saye? Farashin da kamfanonin suka bayyana da bakinsu na wayar 5G shi ne: Ericsson dala 2.5 zuwa 5 a kan kowace waya, Nokia har yuro 3, Huawei har dala 2.5, Qualcomm kuma kaso take karɓa daga kuɗin wayar. Masu karɓa sun fi waɗannan huɗu yawa. A wayar dala dubu ba za a ji ba. A wayar dala tamanin, inda ribar maƙeri 'yar kaɗan ce, ko dai farashi ya hau, ko a rage wani abu a batir ko kyamara ko memori. Duk da haka bai kamata a zuzuta ba. Faɗuwar naira daga wajen 460 a kan dala a tsakiyar 2023 zuwa sama da 1,500 a farkon 2024 ta tsauwala kuɗin waya a Dutse fiye da yadda duk waɗannan takardu za su yi a haɗe. Kuma masu takardun ba 'yan fashi ba ne. Sabis ɗin da mai POS da ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse da dillalin riɗi ke dogaro da shi, wasu ne suka kashe dukiya suka bincika shi, haƙƙinsu ne a biya su.

Abin da ya fi damuna shi ne kayan aikin da za mu tari wannan zamani da su. Dokar da aka rubuta shekara 21 kafin kiran GSM na farko ba ta san da takardun da ke cikin ƙa'idar bai-ɗaya ba, ba ta san da alƙawarin farashi na adalci ba, kuma tana ba da takarda ba tare da an auna ta ba. Duk nauyin ya koma kan alƙalin Babbar Kotun Tarayya, shi zai tantance ko dabarar sabuwa ce, shi zai yanke ko a dakatar da wayar da rabin ƙasa ke amfani da ita. China ta ci Qualcomm tarar dala miliyan 975 a 2015, ta tilasta mata rage abin da take karɓa a kan wayoyin da ake sayarwa a ƙasar, domin tana da hukumar gasa mai ƙarfi da ma'aikatan da suka san aikin. Mu sai a 2019 muka sami cikakkiyar dokar gasa. An sha kai wa Majalisar Tarayya ƙudurin sake fasalin ofishin rajistar da dokarsa, yana mutuwa a hanya. Jigawa tana da sanatoci 3 da 'yan majalisar wakilai 11 a Abuja, kuma mutanen da suka zaɓe su na cikin waɗanda ƙarin naira dubu biyar a kan waya zai fi yi wa ciwo. Ya kamata su nemo wannan ƙuduri, su karanta shi, su tsaya a kansa har ya zama doka.